Streetmix: shafin da ke mayar da musun titi lissafin mita

Jama'a assalamu alaikum. Yau kan Streetmix zan yi magana, wani shafi ne a intanet da ake zana titi da shi, kuma bari in faɗi matsayata tun yanzu: in dai kana cikin masu son a tsara gari yadda mutum zai fita da ƙafarsa ya je kasuwa ko makaranta ko asibiti ba tare da fargabar mota ta kwashe shi ba, to ka san da wannan shafin. Yana da nakasu kuma zan zo kansu, amma a wajen da ya fi ba mu wahala, wato shawo kan mutane, gaskiya ban ga kamarsa ba.

Domin ai zanen titi mai kyau ba sabon ilimi ba ne, masu tsara birane sun daɗe da sanin yadda ake yi. Inda ake karo shi ne ranar da aka ce za a rage wa motoci layi ɗaya ko a ɗauke fakin daga gefe guda don a faɗaɗa hanyar ƙafa, nan take sai gari ya ɗauka, mai shago ya ce an zo kashe masa kasuwa, direba ya ce gosulo zai ninka, wanda ma bai da mota ya shiga faɗan a ɓangaren masu mota saboda bai taɓa ganin titi na daban ba balle ya yi sha'awarsa. Ko a Kopenhagen, babban birnin Denmark, da yanzu ake misali da ita wajen kula da masu ƙafa da masu keke, da aka hana motoci shiga titin Strøget a 1962 'yan kasuwar wurin sun yi ta ƙorafin cewa ciniki zai mutu, sai ga shi titin ya zama ɗaya daga cikin wuraren saye da sayarwa mafi cika a birnin. To irin wannan tsoron yana nan ko'ina har gobe, kuma ba a korarsa da dogon turanci ko takarda mai shafi ɗari.

Streetmix ya samo asali ne a 2013 a hannun wasu matasa da ke aiki da ƙungiyar Code for America, cikinsu akwai Lou Huang wanda mai zanen birane ne. Dabarar ta zo ne daga irin taron da ake yi da jama'ar unguwa inda ake raba musu 'yan takardu da aka yanka, wannan layin mota, wannan layin keke, wannan bishiya, a ce kowa ya jera yadda yake so titin ya kasance. Shi ne suka ɗauko wannan wasan takarda suka sa shi a kwamfuta. Ba sai ka sauke komai ba, a burauza kake buɗewa, kuma lambobin kwamfutar da aka gina shi da su a buɗe suke ga kowa a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu.

In ka buɗe, abin da za ka gani shi ne titi kamar an yanka shi a tsakiya kana kallonsa daga gaba: gini a hagu, gini a dama, a tsakaninsu an jera yanki-yanki, hanyar ƙafa da 'yan mutane suna tafiya, bishiya, fitilar titi, layin keke, layin mota, layin bas, wurin fakin. A ƙasa akwai jerin sauran kayan, benci, rumfar jiran bas, wurin jingine keke, tsibirin tsakiyar titi da sauransu. Ka sa linzamin kwamfuta ka jawo wanda kake so ka ajiye, wanda ba ka so ka jawo shi waje ya ɓace. Kowane yanki da faɗinsa a rubuce a ƙarƙashi, kana iya ƙarawa ko ragewa, ka zaɓi mita ko ƙafa. Gine-ginen gefen ma ana canza su, ka ƙara musu bene ko ka mayar da wurin fili ko katanga. Yaro ɗan firamare zai gane shi cikin 'yan mintuna, wannan ba zuzutawa ba ce.

Amma abin da ya sa nake yabonsa ƙaramin abu ne a ido. Tun farko kai za ka rubuta faɗin titin gaba ɗaya, daga bangon wannan gini zuwa na wancan, to daga nan shafin ba zai bar ka ka yi ƙarya ba. Ka cusa kaya suka wuce faɗin, nan take zai nuna maka da ja cewa ka zarce da mita kaza, ka bar gurbi ya nuna maka saura mita kaza. Kamar tela ne da yadin da aka kawo masa, in ka ce a buɗa hannun riga to wando zai ragu, ba yadda za a yi. Kuma in ka matse wani yanki fiye da kima, misali ka mayar da layin keke siriri, zai ɗaga maka alamar gargaɗi cewa wannan ya yi ƙanƙanta.

Bari in nuna da lissafi. Ɗauki titi mai faɗin mita 20. Yadda aka saba: layin mota 4 kowanne mita 3, shi ne 12, fakin a gefe biyu kowanne mita 2.5, shi ne 5, sai ragowar mita 3 a raba wa masu ƙafa, ɗaya da rabi nan ɗaya da rabi can. Wato mita 17 na ƙarfe, mita 3 na mutane, kuma a cikin ɗaya da rabin nan ne ake kafa turken wuta da allon talla. Yawancin mutane ba su taɓa ganin titinsu a lissafe haka ba, suna bi kullum suna raɓe-raɓe a jikin bango amma ba su san rabon da aka yi musu ba, wallahi in aka haska wannan hoton kaɗai a bango sai ka ji ɗaki ya yi tsit. Sai ka fara ja: layin mota ya koma 2, mita 6. Fakin gefe ɗaya, 2.5. Hanyar ƙafa mita 3 kowane gefe, 6. Layin bishiya mita 1 kowane gefe, 2. Ragowar 3.5 ya zama hanyar keke mai zuwa da dawowa. 20 cif. Ba a rushe gidan kowa ba, ba a biya diyya ba, ba a hana mota wucewa ba.

Na ga amfaninsa da idona a wani zama da muka yi da maƙwabta kan titin da ya ratsa ta gaban makarantar yara. An haɗa kwamfuta da majigi, kuma akwai wani dattijo mai shago a bakin titin da tun kafin a fara ya ce shi bai yarda ba. Maimakon a yi ta ja da shi sai aka tura masa linzamin aka ce, "Alhaji, bismillah, kai ka tsara mana yadda kake ganin ya dace." Ya ce, "Ni dai yaro a bar mini fakin ɗina, masu saye na nan suke tsayawa." Aka ce to an bari. Ya bar fakin gefe biyu, ya bar layi huɗu, sai wata baiwar Allah da mijinta ke amfani da keken guragu ta ce, "Baba, to ka ƙara mana hanyar ƙafar, in muka haɗu da wani a kai sai ɗaya ya sauka kan kwalta." Ya ja hanyar ƙafar ya buɗa, sai ja ya fito, ya zarce. Ya tsaya yana kallo. Ya rage faɗin layin mota, bai isa ba. Can da kansa ya jawo fakin ɗin tsallaken titi, wanda ba na gaban shagonsa ba, ya cire, ya ce, "To wancan ai ba kowa ke tsayawa ba." Bai fita daga ɗakin yana goyon bayan komai da komai ba, layi huɗun nan bai sake su ba har aka tashi, amma ya daina cewa a'a ya koma cewa nawa za a rage, kuma duk wanda ya taɓa zama irin wannan taron ya san tazarar da ke tsakanin biyun ba ƙarama ba ce.

Maganar baiwar Allahn nan ma tana da tushe, a ƙa'idojin zanen titi ana so a bar aƙalla mita 1.8 a share babu turke babu komai, don keken guragu biyu su iya wuce juna. Mita ɗaya da rabi da turken wuta a tsakiya bai kai ko kusa ba.

Wani abin da ya burge ni shi ne yana nuna ƙiyasin mutum nawa titin da ka zana zai iya ɗauka a awa ɗaya, kuma lambar tana canzawa in ka canza zanen. Wannan yana da muhimmanci saboda hujjar masu adawa kullum ita ce in ka rage layin mota ka rage ƙarfin titi. Alhali bisa alƙaluman NACTO, wato ƙungiyar jami'an sufuri na biranen Amurka, layi ɗaya mai faɗin kamar mita 3 in motocin gida ne ke bi yana ɗaukar mutum 600 zuwa 1,600 a awa. In layin bas ne shi kaɗai, 4,000 zuwa 8,000. Hanyar keke mai kariya mai zuwa da dawowa, 7,500. Hanyar ƙafa, 9,000. Ka ga ke nan da zarar an daina ƙirga motoci an koma ƙirga mutane, lissafin gaba ɗaya juyawa yake, kuma a nan mutum yana ganin juyawar a gabansa lokacin da ya cire layin mota ya sa na bas. Sai dai a riƙa tunawa ƙiyasi ne na iyakar abin da layin zai iya ɗauka, ba wai adadin da za su bi gobe da safe ba, kar wani ya je taro ya yi alƙawari da shi.

Faɗin layin mota shi ma abin lura ne, kuma a shafin kana iya wasa da shi. Layi in ya yi faɗi direba sakin jiki yake ya taka, in ya ɗan matse ga bishiyoyi a gefe sai ƙafarsa ta sassauta ko ba ɗan sanda. Kuma gudun nan shi ne rai ko mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, sannan haɗarin mutuwar mai ƙafa in mota ta buge shi yana ninkawa sau 4.5 daga gudun kilomita 50 zuwa 65 a awa. Ni in ina nuna zane wannan nake fara faɗa kafin maganar hayaƙi da sauyin yanayi, don uwa da ke tsallakar da yara kowace safiya ba ta buƙatar a yi mata bayanin dalilin.

In ka gama kana iya ajiye zanen a matsayin hoto, ko ka tura wa mutane adireshinsa su buɗe su yi nasu gyaran a kai ba tare da sun ɓata naka ba. Hoton fes yake fita, launi mai daɗi, ya dace da WhatsApp da Facebook, ka jera na yanzu a sama na gyara a ƙasa ka saki. Akwai ma wani shafin daban, 3DStreet, da ke karɓar zanen Streetmix ya mayar da shi siffar da za ka leƙa ta kowane ɓangare.

To yanzu nakasun.

Na farko kuma mafi girma, yanka ɗaya kawai yake nunawa, wato titi a daidai wuri guda. Ba ya nuna maka titin daga sama, ba ya nuna mahaɗa, ba ya nuna shataletale, alhali a mahaɗa ne mai ƙafa da mai keke ke gamuwa da mota mai shan kwana, nan ne wurin tsoron. Za ka iya zana hanyar keke mai kyau kamar me, amma abin da zai faru da ita in ta isa mararraba shafin bai ce komai ba. Haka titi na gaske faɗinsa ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, nan mita 20 can gaba ya tsuke, sai ka yi zane daban-daban ka riƙa bayani da baki.

Na biyu, ba ya lissafin zirga-zirga. Tambayar da za a fara jefo maka ita ce, to motocin layin da ka cire ina za su? Tambaya ce ta gaskiya, kuma shafin ba shi da amsarta, dole ka zo da taka. Abin da aka gani a wurare da dama shi ne zirga-zirgar mota ba adadi ba ne tsayayye, ka ƙara hanya ta ƙaru, ka rage wasu su canza lokaci wasu su canza hanya wasu su hau bas. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy har ta kai layi 26 a wani wurin in an haɗa da na gefe, aka gama a 2008, 'yan shekaru kaɗan cunkoson ya dawo. A Seoul kuma akasin haka aka yi, aka rushe gadar sama da ke kan rafin Cheonggyecheon a 2003, aka buɗe rafin ga masu yawo a 2005, kuma tsayawar cak da aka yi ta tsoro ba ta faru ba. Irin waɗannan kai za ka riƙe a kai.

Ba ya kuma faɗa maka kuɗin aikin, ko bututun ruwa da wayoyin da ke binne a ƙarƙashin inda ka dasa bishiyarka. Saboda haka zanen Streetmix ba zanen injiniya ba ne, abin fara magana ne, in ka kai shi ofis a matsayin aikin da aka gama za a watsa maka shi kuma suna da gaskiya. Sannan aikin ja da ajiyewa na son babban allo, kwamfuta ko tablet, a ƙaramar waya wurin ya yi kaɗan, wanda hakan na nufin mutanen da suka fi tafiya a ƙasa, waɗanda waya kawai gare su in ma akwai, su ne ba za su zauna su yi zanen a gida ba. Wannan ya dame ni sosai. Maganinsa dai a kai musu, a haska a bango a zauna tare.

Akwai kuma wani haɗari da ba laifin shafin ba ne kai tsaye: hoton ya cika kyau. Kowa a layinsa, ba wanda ya faka kan hanyar ƙafa, bishiyoyi sun girma sun yi inuwa tun ranar farko. Mutumin da aka sha yi wa alƙawari da hoto zai kalla ya ce mun saba gani. Kuma yana da hujja. Shi ya sa a ganina zane rabin aiki ne, ragowar rabin gwaji ne a ƙasa, gani ya kori ji. A New York a 2009, lokacin Janette Sadik-Khan na shugabantar sashen sufuri na birnin, an rufe wani ɓangare na Broadway a dandalin Times Square da 'yan shingayen roba da kujerun naɗewa masu arha, aka ce gwaji ne, mutane suka cika wurin, raunukan hatsari suka ragu, a 2010 aka ce ya zauna. A Stockholm an gwada harajin shiga tsakiyar gari da mota daga Janairu zuwa Yulin 2006, kafin gwajin yawanci ba sa so, motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 20 cikin 100, da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Satumba mutanen birnin suka amince, ya zama na dindindin a 2007. Bogota, babban birnin Colombia, kuwa tun 1974 ta fara abin da suke kira Ciclovía, yanzu duk Lahadi da ranar hutu ana rufe wa motoci tituna sama da kilomita 100 daga safe zuwa ƙarfe 2 na rana, an samu zuriya guda da ta tashi ta san daɗin titi babu mota, irin waɗannan ba sai an roƙe su goyon baya ba.

Masu shago kuma, kar a ɗauke su abokan gaba, abincinsu suke karewa. Abin da ke faruwa shi ne mai zuwa da mota ya fi fitowa a ido, ya faka a ƙofa, ya yi hon, shi ake tunawa. Wani bincike da aka yi a titunan kasuwanci biyu a Berlin aka wallafa a 2021 ya gano masu shagunan na zaton kusan kashi 22 cikin 100 na masu sayensu da mota suke zuwa, alhali kusan kashi 7 ne. Kafin ka haska musu zane, ku tsaya tare a ƙofar shagon ku tambayi masu shigowa da me suka zo, su rubuta da hannunsu. Lambar da mutum ya ƙirga da kansa ba ya musunta ta.

Kuma a kiyayi zuwa wa mutane da zanen da aka riga aka yanke. Abin da ya faru a birnin Oxford na Ingila a 2023 darasi ne, shirin taƙaita motoci a wasu tituna ya cakuɗe da maganar birnin minti 15 ta wani masanin tsara birane mai suna Carlos Moreno, wadda asalinta kawai a ce buƙatunka na yau da kullum suna kusa da gida, sai jita-jita ta bazu cewa za a kulle mutane a unguwanninsu, dubbai suka fito zanga-zanga. In mutum ya ji ana yi masa abu ne ba da shi ake yi ba, ko zanen ya kai me kyau zai ƙi. Ƙarfin Streetmix yana ga wanda ke riƙe da linzamin, in kai kaɗai ka riƙe kana ta nuna gwaninta to ka zubar da amfaninsa, ka miƙa wa wanda ya fi kowa adawa a ɗakin, ka miƙa wa mai keken guragu, ka miƙa wa direban bas.

In maki zan bayar, 4 cikin 5. Ɗayan da na riƙe na rashin mahaɗa ne, ranar da za a iya kallon mararraba daga sama a ja wurin tsallakawa a ajiye kamar yadda ake jan bishiya, zan cika musu. Wanda zai gwada, kafin ka buɗe shafin ka ɗauki tef ɗin awo ku fita ku biyu da sassafe kafin motoci su yi yawa, ku auna daga bango zuwa bango, ku auna kowane layi da hanyar ƙafa har da inda turke ya tsaya, zanen farko ya zama titin yadda yake yau ba ƙari ba ragi, shi za ka fara haskawa kafin kowane gyara.